Ayrton Senna, gwanin tseren motoci na ƙasar Birazil

1. Yaron Sawo Polo

Yara, ku ɗauko taswirar duniya. Ku aza yatsa bisa Afirka ta Yamma, ku ja shi wajen kudu maso yamma har ku ƙetare tekun Atalantika. Babbar ƙasar da za ku tarar can ita ce Birazil. Mutanenta suna magana da harshen Portugal. Birnin da ya fi kowane yawan jama'a a ƙasar shi ne Sawo Polo. A nan aka haifi Ayrton Senna da Silva, ranar 21 ga watan Maris na shekara ta 1960.

Sunan mahaifinsa Milton da Silva, mutum ne mai masana'anta da gonaki. Ayrton yana da ya mace, Viviane, da ƙane, Leonardo. Gidansu gidan wadata ne, ko da yake a cikin birnin akwai talakawa masu yawa.

Lokacin da yake ƙarami, ba wanda zai dube shi ya ce wata rana zai zama gwani. Yaro ne marar kuzarin jiki, da ya yi gudu kaɗan sai ya yi tuntuɓe. Amma duk abin da ke da taya yana ɗauke masa hankali. Da ya shekara 4, mahaifinsa ya ƙera masa wata ƴar mota, ya sa mata injin yankan ciyawa. Irin wannan mota ana kiran ta kart. Ba ta da rufi, ba ta da ƙofa. Ƙarfe ne da taya huɗu da kujera ɗaya, mai tuƙi yana zaune dab da ƙasa. Da zarar Ayrton ya kama sitiyari, sai ya zama kamar ba shi ne yaron nan mai tuntuɓe ba.

2. Ajin farko: kart

Tseren motoci kamar makaranta yake, aji-aji ne. Ba a fara shi daga sama. Ajin farko shi ne kart.

Ayrton ya fara shiga gasa a shekara ta 1973, yana ɗan shekara 13, a filin kart na Interlagos, gefen Sawo Polo. Bai tsaya ga tuƙi kaɗai ba. Yakan zauna wurin makanikai, ya kwance inji, ya ɗaura, don ya gane abin da ke sa mota gudu da abin da ke hana ta.

Wata rana aka yi tsere cikin ruwan sama, abokan gasa suka bar shi baya nesa. Abin ya yi masa zafi. Ku san cewa in kwalta ta jiƙe, ruwa yakan shiga tsakaninta da taya, mota ta riƙa santsi. Wanda ya taka birki da ƙarfi, ko ya ba inji wuta gaba ɗaya, sai ta juya da shi. Daga ranar nan, duk lokacin da hadari ya taso, sauran yara suna neman mafaka, shi kuwa sai ya fito da kart ɗinsa ya yi ta zagaya fili. Ya faɗi, ya tashi, har ya gane inda taya ke kama ƙasa ko ana ruwa. Da koyo akan iya.

A 1977 ya zama zakaran kart na Amurka ta Kudu. Daga 1978 zuwa 1982 ya shiga gasar kart ta duniya. Sau biyu yana zuwa na biyu, a 1979 da 1980, amma bai taɓa cin ta ba. A kamfanin DAP na Italiya, inda yake tuƙi, akwai wani Bature ɗan Ingila mai suna Terry Fullerton, wanda ya girme shi, ya kuma fi shi sanin aiki. Fullerton ya sha kayar da shi. Bayan shekaru masu yawa, da aka tambayi Ayrton abokin karawar da ya fi jin daɗin gwabzawa da shi, sai ya ambaci wannan mutum.

3. Zaman Ingila

A 1981 Ayrton ya tafi Ingila, ƙasar da aka fi yin tseren ƙananan motoci. Ya tarar da sanyi da hazo, ga harshen da bai ƙware da shi ba. Ya shiga ajin da ake kira Formil Ford 1600, da motar kamfanin Van Diemen. Kalmar formil tana nufin ƙa'ida: kowane aji yana da ƙa'idarsa game da girman inji da nauyin mota. Cikin tsere 20 ya ci 12, ya ɗauki kambi biyu a shekara ɗaya.

Amma tsere abu ne mai cin kuɗi, iyayensa kuma suna so ya dawo gida ya kama kasuwanci. A ƙarshen shekarar ya ba da sanarwa cewa ya bar tsere. Ya koma Sawo Polo ya shiga aikin mahaifinsa. Jikinsa yana wurin aiki, zuciyarsa tana fili. Bayan ƴan watanni ya sake komawa Ingila. Da ya haƙura ya zauna, da yau ba mu san sunansa ba.

A 1982 ya hau aji na gaba, Formil Ford 2000. Ya ci tsere fiye da 20, ya zama zakaran Ingila da na Turai. A wannan lokaci ne ya fara amfani da sunan gidan mahaifiyarsa, wato Senna, domin masu suna da Silva suna da yawa ƙwarai a Birazil.

A 1983 ya shiga Formil 3. Ya ci tsere 9 na farko a jere, har mutane suka ce an gama. Sai wani matashi ɗan Ingila, Martin Brundle, ya taso masa. Senna ya fara gaggawa, ya yi karo sau da yawa, ratar da ke tsakaninsu ta ƙare. Sai a tsere na ƙarshe, a filin Thruxton, ya samu kambin. A watan Nuwamba kuma ya tafi birnin Makawo, a gaɓar tekun ƙasar Sin, ya ci babban tseren da ake yi a kan titunan garin.

4. Babban aji: Formil 1

Formil 1 shi ne ƙololuwar tseren motoci. Motar tana da kujera ɗaya, tayoyinta a waje suke, gudunta yakan wuce kilomita 300 a awa. Tsawon tsere ɗaya kimanin kilomita 300 ne, wato ya fi daga Maraɗi zuwa Damagaram, kuma ba a kai awa biyu ake gama shi in ba wata matsala. Ana yin tsere a ƙasashe dabam-dabam, ana tara maki. Wanda ya fi maki a ƙarshen shekara, shi ne zakaran duniya.

Senna ya shiga wannan aji a 1984 tare da wani ƙaramin kamfani, Toleman. A tserensa na biyu, a filin Kyalami na Afirka ta Kudu, ya zo na 6, ya samu makinsa na farko. Amma ya gaji har sai da aka taimaka masa ya fito daga mota. Nan ya gane cewa iya tuƙi kaɗai bai isa ba. Ya nemi mai horarwa, ya duƙufa ga gudu da motsa jiki.

A watan Mayu na shekarar, aka buɗe sabon fili a Nurburgring, ƙasar Jamus. Aka gayyato manyan direbobi, har da tsofaffin zakarun duniya, aka ba kowa motar Mercedes iri ɗaya. Da yawansu sun ɗauki abin wasa. Senna bai ɗauke shi wasa ba. Shi ya zo na ɗaya, Niki Lauda yana biye. Bayan wata biyu ya koma filin ya gwada tseren dogon zango na kilomita 1000 da motar Porsche, shi da abokan tuƙinsa suka zo na 8.

Ranar da duniya ta san shi ita ce ta tseren Monako, a watan Yuni. An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Senna ya tashi daga gurbi na 13, ya yi ta wuce manya ɗaya bayan ɗaya, har ya kusa cim ma Alain Prost, ɗan Faransa, wanda ke gaba. Sai alƙalai suka tsayar da tseren saboda yawan ruwa. Ya zo na biyu. Wahalar da ya sha yana yaro a filin Interlagos, ga amfaninta ya fito.

Daga 1985 zuwa 1987 ya tuƙa wa kamfanin Lotus. Ranar 21 ga Afrilu 1985, a Estoril ta ƙasar Portugal, ya yi nasararsa ta farko, nan ma cikin ruwa. Ya ba wanda ya zo na biyu ratar fiye da minti ɗaya. A watan Yuni na 1986 Faransa ta fitar da Birazil daga gasar ƙwallon ƙafa ta duniya. Kashegari Senna ya ci tseren Detroit a Amurka. Ya tsaya ya karɓi tutar Birazil daga hannun wani ɗan kallo, ya zagaya fili yana kaɗa ta. Daga nan abin ya zama al'adarsa. A shekarun nan Birazil tana fama da tsadar rayuwa. Ranar Lahadi mutane sukan taru gaban talabijin su nemi hular kwanonsa, rawaya mai ratsin kore da shuɗi, su ɗan manta da damuwarsu.

5. Zakaru biyu a gida ɗaya

A 1988 ya koma kamfanin McLaren, mai aiki da injin Honda na Japan. Abokin aikinsa shi ne Alain Prost, wanda ya riga ya zama zakaran duniya sau biyu. Prost mutum ne mai lissafi, ba ya wahalar da mota in ba dole. Senna kuwa yana so ya fi kowa gudu a kowane zagaye. Cikin tsere 16 na shekarar, su biyun suka ci 15: Senna 8, Prost 7.

A Monako, Senna yana gaba da kusan minti ɗaya, saura zagaye kaɗan, sai hankalinsa ya ɗan kauce, ya daki shinge. Don baƙin ciki bai koma wurin makanikai ba, ya wuce gidansa ya rufe ƙofa. Daga baya ya ɗauki wannan kuskure a matsayin babban darasi. A Suzuka ta Japan injinsa ya mutu wajen tashi, ya koma na 14. Ya bi su ɗaya-ɗaya har ya wuce Prost, ya zama zakaran duniya karo na farko.

Amma mutum tara yake, bai cika goma ba. Senna yana da zafin zuciya, ba ya son a kayar da shi. Gasa tsakaninsa da Prost ta zama gaba. A 1989, a Suzuka, motocinsu suka sarƙe. Senna ya ci gaba ya gama na ɗaya, alƙalai suka soke nasararsa, kambi ya tafi ga Prost. Senna ya ɗauka an zalunce shi. A 1990, a wannan fili dai, Prost yana tuƙa Ferrari, Senna ya daki motarsa a lanƙwasa ta farko suna cikin gudu mai tsanani. Dukansu suka fita, Senna ya zama zakara. Bayan shekara ɗaya ya amsa da bakinsa cewa da gangan ya ƙi kaucewa. Wannan aiki ba abin koyi ba ne. Da ƙarar kwana, da an rasa rai a wurin.

A 1991 ya ci tseren ƙasarsu karo na farko, a Interlagos, gaban mutanen garinsu. Kusa da ƙarshe giyoyin motar suka lalace, ya tuƙa sauran zagayen da giya ta 6 kaɗai, ga yayyafi ya fara. Da ya gama, kafaɗunsa da hannuwansa suka ƙage, da ƙyar ya ɗaga kofi. A shekarar ya zama zakaran duniya karo na uku.

6. Wani gefen halinsa

A watan Agusta na 1992, wajen gwaji a filin Spa na ƙasar Beljik, wani direba ɗan Faransa, Erik Comas, ya yi karo ya suma, injinsa yana ta ruri. Senna ya tsayar da motarsa, ya sheƙa a guje a kan titi, motoci suna wucewa. Ya kashe injin don kada wuta ta tashi, ya tallafi kan Comas har likitoci suka iso.

Ko da ya kai ƙololuwa, bai daina neman sani ba. A watan Disamba na 1992 ya tafi Amurka ya gwada motar tseren Indy ta kamfanin Penske, bisa gayyatar Emerson Fittipaldi, ɗan Birazil na farko da ya zama zakaran duniya. A 1993 motarsa ba ta kai ta Prost ƙarfi ba, duk da haka ya ci tsere 5. A Donington ta Ingila, cikin ruwa, ya wuce motoci huɗu a zagaye na farko kaɗai. A tsere na ƙarshe, a Adelaide ta Ostareliya, shi ya yi nasara, Prost kuma yana ban kwana da tsere. Senna ya kama hannunsa ya jawo shi kusa da shi bisa matakin na ɗaya. Daga nan suka shirya. A watan Disamba aka gan su a birnin Pari suna tseren kart, abin da kowannensu ya fara da shi.

7. Imola

A 1994 Senna ya koma kamfanin Williams. An canza ƙa'idoji, an hana wasu na'urori masu taimakon direba, motar ta zama mai wuyar sarrafawa. Bai gama tsere biyu na farko ba. Na uku a Imola aka yi shi, ƙasar Italiya.

Ranar Jumma'a wani matashi ɗan Birazil, Rubens Barrichello, ya yi mummunan karo, amma ya tsira. Ranar Asabar Roland Ratzenberger, ɗan ƙasar Otirish, ya daki bango ya mutu. Senna ya tafi wurin da kansa, ya yi kuka. Babban likitan tsere, Sid Watkins, wanda abokinsa ne, ya ba shi shawara ya bar tseren haka nan. Bai yarda ba. Da safiyar Lahadi ya tattauna da sauran direbobi kan su farfaɗo da ƙungiyarsu don neman a inganta tsaro.

Ranar 1 ga Mayu 1994, a zagaye na 7, yana gaba, Michael Schumacher yana bin sa, motarsa ta ƙi juyawa a lanƙwasar Tamburello. Ta miƙe ta daki bangon siminti da gudun da ya wuce kilomita 200 a awa. Wani ƙarfe na tayar gaba ya same shi a kai. Aka ɗauke shi da jirgi mai saukar ungulu zuwa asibitin birnin Bolonya, ya cika da yamma. Shekarunsa 34. A cikin motar aka tarar da tutar Otirish a naɗe, wadda ya yi niyyar ɗagawa don tunawa da Ratzenberger. Bayan doguwar shari'a, kotun Italiya ta ce sandar sitiyarin ce ta karye.

Gwamnatin Birazil ta sa aka yi makokin kwana 3. Jama'a suka cika titunan Sawo Polo. Cikin waɗanda suka raka akwatin gawarsa zuwa maƙabartar Morumbi har da Alain Prost. A watan Yuli Birazil ta ci gasar ƙwallon ƙafa ta duniya, ƴan wasan suka sadaukar da nasarar gare shi.

8. Abin da ya bari

A Formil 1 Senna ya yi tsere 161, ya ci 41. Sau 65 yana tashi daga gurbin farko. A Monako kaɗai ya yi nasara sau 6.

Mutuwarsa da ta Ratzenberger ta farkar da shugabannin tsere. Aka gyara filaye, aka canza fasalin Tamburello don rage gudu, aka ɗaga gefen kujera don kare kan direba, aka tsananta gwajin ƙarfin motoci. An yi shekara 20 ba a sake rasa direba a tseren Formil 1 ba, sai hatsarin Jules Bianchi a 2014.

Bayan rasuwarsa aka gano cewa ya daɗe yana taimakon yaran talakawa a ɓoye. Kafin ya tafi Turai karo na ƙarshe, ya gaya wa yarsa Viviane cewa yana so a tsara wannan aiki da kyau. A watan Nuwamba na 1994 iyalinsa suka kafa cibiya mai sunansa, wadda ta duƙufa ga ilimin yara da horar da malamai a makarantun gwamnati na Birazil. Shi da ya hau aji-aji, daga kart zuwa Formil 1, ya san cewa yaron da ba a buɗe wa ƙofar ajin farko ba, ba zai kai na ƙarshe ba.

Ma'anar kalmomi

Kart: ƙaramar motar tsere marar rufi.
Kambi: matsayin wanda ya fi kowa maki a ƙarshen shekara.
Gurbin farko: wurin tashi na gaba, wanda ake ba direban da ya fi kowa sauri ranar gwaji.
Zagaye: kewaya fili sau ɗaya.
Hular kwano: hula mai tauri da ke kare kai.

Tambayoyi

1. A wane birni aka haifi Senna, kuma a wace shekara?
2. Ku jera azuzuwan tseren da ya bi, daga na farko zuwa na ƙarshe.
3. Me ya yi bayan an kayar da shi cikin ruwan sama? Ina aka ga amfanin haka?
4. Ku kwatanta abin da ya yi a Suzuka a 1990 da abin da ya yi a Spa a 1992. Me kuka gane game da halinsa?
5. Ku nemo waɗannan ƙasashe bisa taswira: Birazil, Ingila, Japan, Italiya, Afirka ta Kudu.
6. Lissafi: a tseren Interlagos na 1991 an yi zagaye 71. Tsawon kowane zagaye kilomita 4 ne da mita 325. Kilomita nawa ke nan duka?
7. Rubutu: ku ba da labarin wani abu da ya taɓa gagarar ku, kuka yi ta koyo har kuka iya.